Rinjayen Kujera Ɗaya: Yadda Jam'iyyu Huɗu Suka Haɗu Suna Mulkin KwaZulu-Natal

Ranar Juma'a, 14 ga Yuni, 2024, 'yan majalisar dokokin lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu su 80 suka hallara a birnin Pietermaritzburg domin zaɓen Firimiya. Kowa ya kaɗa ƙuri'arsa a asirce, kamar yadda tsarin mulkin ƙasar ya tanada. Da aka gama ƙidaya, Thami Ntuli na jam'iyyar IFP ya tashi da ƙuri'u 41, abokin karawarsa na jam'iyyar MK, basarake Phathisizwe Chiliza, ya samu 39.

Abin da ya ja hankalin jama'a shi ne, jam'iyyar da ta sha kaye a zauren ita ce ta fi kowa yawan ƙuri'u a rumfunan zaɓe makonni biyu kafin nan. MK, wadda tsohon shugaban ƙasa Jacob Zuma ke jagoranta, ta samu kusan kashi 45 cikin 100 na ƙuri'un lardin, da kujeru 37. IFP ta samu kujeru 15 kacal, ANC 14, DA 11, EFF 2, sai NFP mai kujera 1. Amma IFP da ANC da DA da NFP suka haɗa kai, lissafinsu ya ba da 41, suka kafa abin da suka kira gwamnatin haɗin kan lardi.

Tun daga ranar, rayuwar mutum sama da miliyan 12 ta rataya a kan majalisar zartarwa mai launi huɗu, wadda rinjayenta bai wuce kujera ɗaya ba. Makarantunsu, asibitocinsu, hanyoyinsu da tallafin marasa galihunsu duk suna hannun mutanen da a watan Mayun shekarar suke zagin juna a kan dandalin yaƙin neman zaɓe. Tambayar da ta kamata a yi ita ce, me ya haɗa su, kuma shin abin da ya haɗa su ya isa ya riƙe su?

Firimiya a tafin hannun majalisa

Afirka ta Kudu tana da larduna 9, kowanne da majalisar dokokinsa da gwamnatinsa. Mai zaɓe ba ya dangwala wa Firimiya kai tsaye kamar yadda ake zaɓen gwamna a jihohin Nijeriya. Jam'iyya yake zaɓa. Daga nan a raba kujerun majalisa gwargwadon yawan ƙuri'un da kowace jam'iyya ta samu, sannan 'yan majalisar su zaɓi ɗaya daga cikinsu ya zama Firimiya. Shi kuma ya naɗa kwamishinoni, waɗanda ba za su gaza 5 ba, ba za su wuce 10 ba, kuma dole su fito daga cikin 'yan majalisar.

Tsarin mulkin 1996 ya ɗora wa kwamishinonin nan alhaki iri biyu. Kowa zai amsa tambaya a kan ma'aikatarsa, sannan dukkansu za su amsa tambaya a kan abin da gwamnati ta yi baki ɗaya. Kwamishina ba shi da ikon ya zauna a taron majalisar zartarwa da safe, ya fito da yamma ya ce babu ruwansa da abin da aka yanke. A gwamnatin jam'iyya ɗaya wannan ba wani abu ba ne. A gwamnatin haɗaka kuwa, nan ne wahalar take, domin kowane kwamishina yana da iyayen gida biyu: Firimiyan da ya naɗa shi, da jam'iyyar da ta ba shi kujera.

Haka kuma majalisa tana da ikon kawar da gwamnati ta hanyar ƙuri'ar rashin amincewa. Idan mafi rinjayen 'yan majalisar suka goyi bayan ƙudurin, Firimiya da dukkan kwamishinoninsa dole su sauka. A KwaZulu-Natal wannan yana nufin mutum 41 cikin 80. Ba sai an tuhumi Firimiya da wani laifi ba. Ya isa a ce majalisa ta daina yarda da shi.

Masu shekaru a Arewacin Nijeriya sun san wannan tsari, domin a kansa Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954. Bambancin shi ne, Sardauna ya yi mulki da jam'iyyar NPC mai gagarumin rinjaye a majalisar Kaduna. Thami Ntuli kuwa yana mulki ne alhali jam'iyyarsa ba ta mallaki ko kashi ɗaya cikin biyar na kujerun majalisarsa ba.

Guguwar Zuma

Ba za a fahimci wannan haɗaka ba sai an fahimci abin da ya faru da ANC. A zaɓen 2019 jam'iyyar ta samu sama da kashi 54 cikin 100 a lardin, da kujeru 44. Shekara biyar bayan haka ta faɗo zuwa kusan kashi 17. Ba kasafai ake ganin jam'iyya mai mulki ta yi irin wannan zubewa a zaɓe guda ba.

Dalilan suna da yawa. Akwai rashin aikin yi, musamman ga matasa, da ɗauke wutar lantarki, da lalacewar hanyoyin ruwan sha a Durban da kewaye. Akwai tarzomar Yulin 2021, wadda ta ɓarke bayan an ɗaure Zuma saboda raina kotu, inda mutum sama da 350 suka mutu a lardunan KwaZulu-Natal da Gauteng. Akwai ambaliyar Afrilun 2022, wadda ta kashe mutum sama da 400, ta bar dubbai babu matsuguni. Sai kuma babban dalili, wato Zuma kansa. A ranar 16 ga Disamba, 2023, ya bayyana cewa ba zai yi wa ANC yaƙin neman zaɓe ba, zai mara wa sabuwar jam'iyya baya, wadda ta ɗauki sunan tsohuwar rundunar gwagwarmayar ANC, uMkhonto weSizwe, wato MK. Ɗan lardin ne, ɗan ƙabilar Zulu ne, kuma shi ne mutumin da ya taɓa shigar da ANC ƙauyukan da a da ba ta iya taka ƙafa. Da ya fita, ya tafi da jama'arsa. Cikin watanni biyar da 'yan kwanaki, jam'iyyar da ba a san ta ba ta zama ta ɗaya a lardin.

Kujeru huɗu kawai suka rage wa MK ta kafa gwamnati ita kaɗai. Da EFF, lissafinta ya kai 39. Amma a kwanakin da ake buƙatar zama a teburin sulhu, jam'iyyar ta fi mayar da hankali ga zargin an yi mata maguɗi, har 'yan majalisarta na ƙasa suka ƙaurace wa zaman farko. A daidai lokacin, ANC, wadda ta faɗo zuwa kusan kashi 40 a faɗin ƙasa da kujeru 159 cikin 400, tana can tana ƙulla gwamnatin haɗin kan ƙasa da DA da IFP. Yarjejeniyar sama ce ta share hanya ga ta ƙasa. ANC ta amince IFP ta ɗauki kujerar Firimiya, ita kuma ta samu kujerar kakakin majalisa, wadda Nontembeko Boyce ta ci gaba da riƙewa, DA ta samu mataimakiyar kakaki. Da NFP ta amince ta shigo, sai lissafi ya cika.

Ba ko'ina aka iya yin haka ba. A Gauteng, inda ANC ta samu kujeru 28 cikin 80, tattaunawa da DA ta watse a kan rabon ma'aikatu, Firimiya Panyaza Lesufi ya kafa gwamnati marar rinjaye da ƙananan jam'iyyu. A KwaZulu-Natal an daidaita ne saboda dukkan jam'iyyun huɗu suna fargabar abu guda, wato mulkin lardin ya koma hannun Zuma.

Yadda aka raba ma'aikatu

Kwanaki kaɗan bayan zaɓensa, Ntuli ya bayyana kwamishinoninsa 10. IFP ta samu huɗu, ANC uku, DA biyu, NFP ɗaya. Amma a rabon irin wannan, nauyin ma'aikata ya fi yawanta muhimmanci.

ANC ta samu ilimi, wanda aka bai wa Sipho Hlomuka, da lafiya, wadda Nomagugu Simelane ta ci gaba da riƙewa, sai sufuri da gidaje a hannun Siboniso Duma. Ilimi da lafiya su ne ke cinye mafi yawan kasafin kuɗin lardin, su ne kuma ke da mafi yawan ma'aikata. DA ta samu kuɗi, a hannun Francois Rodgers, da ayyuka, a hannun Martin Meyer. Ke nan ANC ce ke kashe mafi yawan kuɗin, DA kuma ce ke riƙe da makullin baitulmali. IFP ta ɗauki ƙananan hukumomi da masarautu, wanda aka bai wa Thulasizwe Buthelezi, da tattalin arziki da yawon buɗe ido, da noma, da wasanni da al'adu. Waɗannan su ne ma'aikatun da suka fi kusa da karkara da sarakuna, inda tushen jam'iyyar yake. Ita kuwa Mbali Shinga, wakiliyar NFP ɗaya tilo, ta zama kwamishinar walwalar jama'a. Harkar tsaron al'umma Firimiya ya bar ta a ofishinsa.

Domin a gane irin mutanen da aka zaunar a teburi guda, ya isa a tuna abin da ya faru a watan Maris na 2024, watanni uku kacal kafin nan. An yi taron tunawa da Sarki Dinuzulu a KwaCeza, a gaban Sarkin Zulu, Misuzulu kaZwelithini, da Shugaba Cyril Ramaphosa. Thulasizwe Buthelezi, wanda a lokacin yake riƙe da muƙamin firaministan gargajiya na masarautar, ya miƙe zai gabatar da Sarki, sai ya fara sukar wani jigon ANC na lardin. Siboniso Duma, wanda ke shugabantar ANC a lardin a lokacin, ya taso ya karɓe makirufo daga gabansa a bainar jama'a. Hoton ya bazu a ƙasar baki ɗaya, mutane da dama suka ɗauki abin a matsayin cin fuska ga masarauta, kuma bayan an tashi aka yi arangama, wasu suka ji rauni. A watan Yuni sai ga mutanen nan biyu sun yi rantsuwar kama aiki a majalisar zartarwa guda, kowa zai amsa tambaya a kan aikin ɗan'uwansa.

Shi kansa Firimiyan, tarihinsa yana da alaƙa da yankin Zuma. Tsohon malamin makaranta ne, kuma ya yi shekaru yana shugabantar ƙaramar hukumar Nkandla, wato mahaifar Jacob Zuma.

Tarihin da aka rubuta da jini

A wani wurin, haɗakar jam'iyyu lamari ne na lissafi kawai. A KwaZulu-Natal akwai kaburbura a bayansa. Daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa zaɓen 1994, magoya bayan Inkatha, ƙungiyar da Mangosuthu Buthelezi ya kafa a 1975, wadda daga baya ta zama IFP, sun gwabza da magoya bayan ANC da ƙawayenta. Dubban mutane suka mutu. An ƙona gidaje, an raba ƙauyuka, akwai unguwannin da mutum ba ya shiga idan an san jam'iyyarsa. Bincike daga baya ya tabbatar da cewa jami'an tsaron gwamnatin wariyar launin fata sun rura wutar.

A cikin wannan yanayi ne tsarin mulkin riƙon ƙwarya da ya fara aiki a 1994 ya wajabta raba iko, a ƙasa da larduna. Duk jam'iyyar da ta samu kashi 10 cikin 100 na kujerun majalisar lardi tana da haƙƙin shiga majalisar zartarwa. IFP ta ci lardin a zaɓen farko, Frank Mdlalose ya zama Firimiya, kuma cikin kwamishinoninsa akwai Jacob Zuma na ANC, mai kula da tattalin arziki da yawon buɗe ido. Mutane da yawa, har da masu adawa da shi a yau, sun yarda cewa Zuma ya taka rawa wajen kwantar da wutar lardin a wancan lokaci. Mutumin da aka haɗu a 2024 domin a tare masa hanya, shi ne ɗaya daga cikin waɗanda suka fara nuna cewa zaman tare zai yiwu.

Sai dai zaman bai taɓa zama mai sauƙi ba. Bayan zaɓen 1999, inda IFP ta samu kujeru 34, ANC 32, an ci gaba da haɗaka a ƙarƙashin Lionel Mtshali, amma cikin zargi da jan ƙafa. An yi ta jayayya a kan inda babban birnin lardi zai kasance, IFP na son Ulundi, ANC na son Pietermaritzburg. Da aka kawo dokar da ta halatta wa 'yan majalisa sauya sheƙa da kujerunsu, sai amana ta ƙara rushewa, har Mtshali ya kori wasu kwamishinonin ANC ya jawo DA kusa. A 2004 ANC ta karɓi lardin, S'bu Ndebele ya zama Firimiya, kuma a 2006 ya sallami kwamishinonin IFP da suka rage. Nan aka rufe babin farko.

Kisan siyasa ma bai ƙare ba, salo kawai ya sauya. A 2016 gwamnatin lardin ta kafa kwamitin Moerane domin binciken kashe-kashen kansiloli da 'yan siyasa, wanda ya gano cewa rububin muƙamai da kwangiloli na cikin manyan dalilan. Duk wanda ya san wannan tarihi ba zai raina ganin IFP da ANC suna zaune suna gardama da baki a ɗaki guda ba.

Nauyin kujera ɗaya

Jam'iyyar NFP ta ɓalle ne daga IFP a 2011 a ƙarƙashin marigayiya Zanele kaMagwaza-Msibi. A zaɓen 2024 ba ta samu ko kashi 1 cikin 100 na ƙuri'un lardin ba. Amma kujerarta guda ita ce ta 41, don haka ta zama raba-gardama.

Lissafin ya fi yadda ake zato tsauri. Tsarin mulki ya ce wanda ke shugabantar zaman majalisa ba ya kaɗa ƙuri'a a kan al'amuran yau da kullum, sai idan an yi kunnen doki. Tun da kakakin majalisa 'yar ANC ce, gwamnati na da mutum 40 ne a zaure, 'yan adawa 39. Idan ɗan majalisa ɗaya ya kwanta asibiti ranar da za a amince da kasafin kuɗi, an shiga matsala. Idan kuma NFP ta koma ɗaya ɓangaren, gwamnati za ta koma 39, 'yan adawa 40. A wannan hali 'yan adawa za su iya kayar da duk ƙudurin da gwamnati ta kawo, amma ba za su iya tsige Firimiya ba, domin wannan yana buƙatar 41. Lardin zai tsaya cik: gwamnati ba ta iya aiki, majalisa ba ta iya sauya ta.

An leƙa bakin wannan rami a watan Disamba na 2025, lokacin da MK ta gabatar da ƙudurin rashin amincewa da Ntuli. Shugabannin NFP na ƙasa sun nuna suna tare da ƙudurin, amma Mbali Shinga ta ƙi bin umurninsu, ta tsaya tare da gwamnatin da take ciki. MK da EFF suka nemi a kaɗa ƙuri'a a asirce, domin sun san ko da NFP ba za su wuce 40 ba, sai an samu wani daga cikin haɗakar da zai juya baya ba tare da an gan shi ba. Kakakin majalisa ta ƙi amincewa. Ikon yanke wannan hukunci na hannunta ne, bisa hukuncin da Kotun Tsarin Mulki ta yanke a 2017, a shari'ar da ta taso kan yunƙurin tsige Zuma kansa. Zaman ya rikice da hayaniya da ture-ture har 'yan sanda suka shiga zauren, amma ƙudurin bai yi nasara ba, Ntuli ya ci gaba da mulki.

Wannan ya fito da wata matsala fili. Tun da aka soke dokar sauya sheƙa a 2009, kujera ta jam'iyya ce. Duk ɗan majalisar da ya rasa zamansa ɗan jam'iyya, ya rasa kujerarsa. Saboda haka rigimar cikin gida ta ƙaramar jam'iyya tana iya girgiza gwamnatin mutum miliyan 12. 'Yan Afirka ta Kudu sun riga sun ɗanɗana irin haka a Johannesburg, inda aka yi ta sauya magajin gari bayan zaɓen 2021, har jam'iyyar Al Jama-ah mai kujeru 3 cikin 270 ta samar da magadan gari biyu a 2023, yayin da tituna da bututun ruwa ke lalacewa.

Aiki da baitulmali

Talakan da ke unguwar Umlazi ko garin Nongoma bai damu da wanda ya samu wace kujera ba kamar yadda ya damu da ko akwai magani a asibiti da malami a aji. A nan ne haɗakar ke fuskantar jarrabawa ta gaskiya, kuma hannunta a ɗaure yake. Lardunan Afirka ta Kudu ba su da wata hanyar samun kuɗin shiga mai ƙarfi. Kusan duk abin da suke kashewa daga gwamnatin tsakiya yake zuwa, abin da suke tarawa da kansu, kamar kuɗin lasisin mota da harajin caca, ɗan kaɗan ne. Kasafin KwaZulu-Natal ya kai kimanin rand biliyan 150 a 2024, amma albashin malamai da ma'aikatan lafiya na lashe kaso mafi tsoka, kuma an yi shekaru ana zaftare abin da ake turo wa larduna.

Sakamakon haka, ma'aikatun da suka fi fama da giɓi su ne na ANC, mai tsuke bakin aljihu kuma ɗan DA ne. Duk lokacin da baitulmalin lardi ya sa wa ma'aikatar ilimi ido a kan yadda take kashe kuɗi, wasu na ganin gyara ne, wasu na ganin siyasa ce. Amma a wannan gogayya akwai alheri. A shekarun da jam'iyya ɗaya ke riƙe da mai kashewa da mai bincike, ɓarna kan ɓuya a cikin gida. Yanzu kowane kwamishina ya san abokin zamansa na kallonsa, kuma ba zai rufa masa asiri don zumuncin jam'iyya ba.

Ma'aikatar ayyuka ma ta ɗauki yaƙi da gungun 'yan daba da ke mamaye wuraren gine-ginen gwamnati, suna tsayar da aiki da bindiga har sai an ba su kaso daga kwangila. Wannan annoba ta yi ƙamari a lardin, kuma a Durban aka yi taron ƙasa a kanta a watan Nuwamba na 2024. Irin wannan aiki ne zai iya bai wa haɗakar ma'ana a idon jama'a.

Sai dai akwai inda zaman ke tsagewa. A ƙananan hukumomi, IFP da ANC da NFP abokan hamayya ne, suna ƙwace majalisu daga hannun juna. Kwamishinan da ke da ikon sa baki a harkokin ƙananan hukumomi ɗan IFP ne, kuma ANC ta sha zarginsa da amfani da ofishinsa a kan hukumomin da take mulki. Mutanen da ke zaune tare a Pietermaritzburg ranar taron majalisar zartarwa, su ne ke neman kayar da juna a ƙarshen mako.

Abin da ya rage a yi

Tarihin Nijeriya na da misalai biyu da suka dace da wannan batu. A 1962 rikicin jam'iyyar Action Group ya kai ga dambe a majalisar Jihar Yamma a Ibadan, gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci. A watan Janairun 1963 Samuel Ladoke Akintola ya dawo kujerar Firimiya bisa haɗakar sabuwar jam'iyyarsa da NCNC, Remi Fani-Kayode na mataimakinsa. Haɗaka ce da aka ƙulla domin a hana wani ɓangare mulki, kuma ba ta kawo wa yankin kwanciyar hankali ba, har zuwa juyin mulkin 1966. A ɗaya gefen, a Jamhuriya ta Biyu, Alhaji Balarabe Musa na PRP ya ci gwamnan Kaduna a 1979, amma majalisar da NPN ke da rinjaye ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, ya yi mulki babu majalisar zartarwa har aka tsige shi a 1981. Misali na farko ya nuna haɗarin haɗuwa a kan ƙiyayya, na biyu ya nuna haɗarin ƙin haɗuwa kwata-kwata.

A wajen doka, gwamnatin Ntuli halastacciya ce. Jam'iyyun da suka kafa ta sun fi MK yawan ƙuri'u idan an haɗa, kuma a tsarin majalisa wanda ya iya tara rinjaye shi ke mulki. Amma halascin doka bai share gaskiyar cewa kusan rabin masu zaɓen lardin suna jin an rufe musu ƙofa ba. Gwamnatin da ta san haka dole ta yi taka-tsantsan. Aikin hanya ko asibiti kada ya tsallake gari don mutanensa sun zaɓi MK, kuma a bai wa 'yan adawa cikakkiyar dama a kwamitocin majalisa su binciki gwamnati. Ita ma MK, da kujeru 37 za ta iya zama adawa mafi ƙarfi da lardin ya taɓa gani, idan ta mayar da ƙarfinta ga bin diddigin kasafin kuɗi maimakon hargitsa zaure.

Akwai kuma gyaran da ya dace a yi wa tsarin. A Kenya doka ta wajabta a ajiye yarjejeniyar haɗakar jam'iyyu a ofishin magatakardar jam'iyyu. A Jamus majalisar tarayya ba ta iya kawar da shugaban gwamnati sai ta zaɓi wanda zai gaje shi a lokaci guda. Afirka ta Kudu ta fara tattauna irin waɗannan matakai ga ƙananan hukumomi, kuma larduna ma suna buƙatarsu. Yarjejeniyar da aka rubuta, aka buga kowa ya karanta, mai bayyana ayyukan da za a yi da yadda za a warware saɓani, ta fi alkawarin da aka yi a ɗakin otal ƙarko.

Tsoron abokin hamayya na iya haɗa jam'iyyu huɗu a rana guda, amma ba ya biyan albashin malami, ba ya gyara gadar da ambaliya ta cinye. Idan jam'iyyun haɗakar suna son jama'a su yarda cewa sun haɗu ne domin lardin, to su nuna hakan a makarantu da asibitoci kafin zaɓen 2029. Idan suka gaza, masu zaɓe za su ce rabon kujeru kawai aka yi, kuma za su yi gaskiya.